Mai Ƙafa Uku a Gadin Masara

Ni ban iya zama ba, kuma kowa a gidanmu zai ba da wannan shaidar. In aka ce in jira tukunya ta tafasa, sai na ɗaga murfin sau biyar. To ni ɗin aka ɗora wa gadin shanya a shekarar da na gama sakandare, wato in zauna tun hantsi har la'asar sakaliya ina kallon sama kamar wadda ta ba gajimare ajiya.

Gonarmu ta nesa, wadda ke ciyar da mu, ba ta nomu ba a shekarar, 'yan bindiga sun hana kowa shiga wannan dajin. Sai 'yar gonar bayan gari, nan Baba ya zuba masara. Da ta nuna bai tsaya ta bushe a jikin kara ba, don mai jira wani ke yi masa girbi. Muka karyo ta tun ruwa bai ɗauke ba, muka ɓare, muka gurje, ta fito da danshinta. Ita ce tuwonmu har wata kakar, babu wata a bayanta. Gidanmu a Faskari a gindin dutse yake, akwai falale da ya shigo cikin dangarmu ta baya, a kansa muka baza ta. Baba ya ce rana takwas take so. In ruwa ya same ta da kyau sau ɗaya, fumfuna za ta kama ta, ta yi baƙi, ko kaji su yi mata kallon raini.

Inna tana Sabuwa, yayata ta haihu ta tafi yi mata wankan jego. Baba tun asuba yake fita, waken suya na jiransa a gonar wani da suka yi tarayya. Gida ya rage daga ni sai Kaka, mahaifiyar Baba. Ita kuwa tun ranar farko ta fitar da kanta.

"Na yi gadin shanya tun ubanki bai san hannun cin tuwo ba," in ji ta. "Na sauka. In na yi azahar, kwanciya zan yi."

Ɗakinta soro ne na ƙasa mai kaurin bango. In ta shige ta ja ƙyaure, ko ƙanƙara ake zubawa ba ta sani ba.

Ni kuma ina da tawa damuwar. Na faɗi lissafi a jarrabawar fita, zan sake rubutawa. Wani malaminmu yana tara irinmu a wani ajin firamare daga bayan azahar zuwa la'asar, daidai lokacin da hadari ya fi son tasowa. Na roƙi Baba ya bar ni in riƙa zuwa.

Ya ce, "Lissafi ba ya fumfuna."

Kwana biyu na zauna. Na ƙirga ƙadangarun dutsen, na tsefe kaina na sake kitsewa da kaina, ya fito a karkace. A rana ta biyu ne, ina lasar yatsa zan buɗe shafin littafi, na tuna da malamin fiziks.

Muna aji biyar ya taɓa shigo mana da wani ɗan baƙin abu kamar ƙwayar wake, mai siraran ƙafafu uku na ƙarfe. Ya ce sunansa tiransista. Ya haɗa shi da batir da ɗan ƙwan fitila, ya bar wayoyi biyu tsirara kusa da juna, ba su taɓa juna ba. Sai ya lashi yatsa ya ɗora a kan duka biyun. Ƙwai ya kama. Ya ɗaga yatsa, ya mutu. 'Yan kujerar baya har sun fara neman tsari. Ya ce mu natsu, ba tsafi ba ne, makunni ne irin na bango, sai dai shi ba yatsa ke danna shi ba, wuta ce ke danna shi. Ƙafafun gefe biyu, emita da kalekta, su ne hanyar babbar wutar da ke fitowa daga batir ta bi ta ƙwai ta koma, kuma a cikin ɗan abin hanyar nan a toshe take. Ta tsakiya, besi, ita ke riƙe da mabuɗi. In 'yar wuta kaɗan ta shiga ta nan, hanya ta buɗe. In ta ɗauke, hanya ta rufe. Wutar da ta ratsa yawun malam ba ta isa ta kunna ƙwai ba, amma ta isa ta taɓa ƙafar tsakiya, ita kuma ta sako sauran.

Na dubi yatsana, na dubi sama. Yawu ruwa ne, abin da nake gadi ma ruwa ne. In aka cire ƙwai aka sa abin da zai yi ƙara a kan Kaka, me nake yi a nan?

Da la'asar muka kwashe masara, na ɗauki matacciyar fitilarmu ta caji na nufi rumfar mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Dattijo ne, tabarau ɗinsa da zare aka ɗaure hannu ɗaya.

"Malam, ina wuni. Akwai tiransista cikin fitilar nan?"

Ya leƙo ni ta saman tabarau. "Gyara za a yi?"

"Ƙarasa ta za a yi. Ciro mini shi za ka yi."

"Mi za ki yi da shi, miya?"

Na gaya masa. Na ɗauka dariya zai yi, na ma shirya amsa. Sai ya ɗora ƙarfen dalma a kan gawayi, ya ɓalle bayan fitilar. Guda biyu ya ciro. Ya tona wani gwangwani ya fito da 'yar ƙararrawar sigina ta tsohon babur, da doguwar wayar lasifika da ɓera ya ɗanɗana a wuri biyu, da wani ɗan abu mai zoben launi-launi a jiki.

"Ki fuskanci gefen da ke shafe, ƙafafu na kallon ƙasa. Ta hagu ta tahi gindin batir. Ta dama ta tahi ƙararrawa, ita kuma ƙararrawar ta tahi kan batir. Wannan mai zoben, rizista, ki sa shi gaban ta tsakiya. Ƙafar nan ba ta son wuta da yawa."

"Na ji."

"Ba ki ji ba, kin riga kin miƙe. Ɗiyar nan, na ce ki sa shi."

Ban sa shi ba. Ƙafafunsa gajeru ne, sai zamewa suke in na zo murɗa waya, ni kuma magariba na tahowa. Na naɗe batir huɗu na tocila a kwali, na ɗaure da robar tayar keke, na haɗa komai yadda ya ce ban da ɗan zoben. Sai na kama wayoyi biyun da ruwa zai haɗa, na haɗa su baki da baki don in ji. Ƙararrawa ta yi ƙara sau ɗaya. Sai wani ƙauri, na kai yatsa na taɓa tiransistan na janye da sauri. Babu ruwa a tsakani da zai rage komai, na tura masa ƙarfin batir huɗu gaba ɗaya ta ƙafar da aka ce a lallaɓa. Ya mutu, ya bar mini tabo a yatsa. Da ɗayan da ya rage na zauna na murɗa rizistan nan kamar mutuniyar kirki.

Wurin da ruwa zai sauka kuwa murfin tsohon bokitin roba na samu. Na huda shi, na jera wayoyi biyu tsirara a kai, kusa da juna, ɗaya ta fito daga kan batir, ɗaya ta nufi rizista. Shi za a ajiye a kan dutse kusa da masara. Doguwar waya ta bi jikin danga ta shiga tagar Kaka, inda batir da tiransista da ƙararrawa ke cikin gwangwanin madara a rataye daidai kanta.

Washegari da yamma na tara su, Baba da Kaka, na yi bayani. Baba ya saurara yana sosa gemu.

"To mi ya kawo ɗan baƙin nan ciki? Ruwa shi haɗa waya, ƙararrawa ta yi kuka, ba shi ke nan ba?"

Na cire tiransistan daga hanya, na haɗa yadda ya ce, na ɗiga ruwa a murfin. Shiru.

"Wutar da ruwa ke wucewa da ita ba ta da ƙarfin tada ƙararrawa, Baba. Kamar a lambu ne. Ruwa na gudu a babbar kwata, fangali na jira, ɗan curin laka ya toshe baki. Ba kai ke ɗaukar ruwan ka zuba ba. Bakin fartanya kawai kake sawa ka ture lakar, ruwa ya shiga da kansa. Ɗigon ruwan sama shi ne bakin fartanyar."

"In an mayar da lakar?"

"In murfin ya bushe, hanya ta rufe, ƙara ta tsaya."

Ya gyaɗa kai. Na mayar da komai, na share murfin, ina shirin gwada musu na gaske, sai Kaka ta miƙo hannu.

"Kawo shi nan. Abin da za a bar ma amanar abinci ba a sake shi haka nan ba addu'a."

Haka take yi wa komai. Sabon takalmi, jariri, buhun iri, duk sai sun bi ta bakinta. Ta riƙe murfin da hannu biyu, ta yi karatunta ƙasa-ƙasa, sannan ta tofa sau uku. A na ukun gwangwani ya kwarma ihu daga cikin ɗaki, irin ƙarar da babur ke yi in zai karya kwana, sai dai wannan ba ya tsayawa ya huta.

Kaka ba ta yar da shi ba. Ta dai miƙe hannu ta nisanta shi da jikinta.

"Mi na yi mishi?"

"Kin jiƙa shi, Kaka. Aikinsa ke nan."

"To bai so."

"So yake. Don haka na yi shi."

"Ke, uwar gaggawa, goyo tara na yi. Abin da ke kuka in ya jiƙe bai son jiƙa." Ta kama gefen zaninta ta goge wayoyin a hankali. Ƙara ta ɗauke. "Kin gani? Na share shi ya yi shiru."

Baba ya juya baya yana tari. Da ya gama tarin ya ce gobe in tafi karatu a gwada.

Na yi ƙoƙarin gyara wa Kaka fahimta, ta ƙi. Kuma in za a faɗi gaskiya tana da hujja. Rediyon marigayi kakana ɗigar rufi ce ta kashe shi. Wayarta ta farko a randa ta ƙare. Duk wani abu mai waya da ta taɓa sani, ruwa ajalinsa ne. Sai ga ni rana tsaka na zo da wanda na ce ruwa yake jira.

Kafin raina ya kwanta, na ɗebo ruwan sama daga bahon da ke ƙarƙashin indararo na ɗiga a murfin. Ƙarar ta fito kamar ta sauro mai mura. Ashe ruwan sama bai kai yawu ɗaukar wuta ba, ya fi shi tsarki. Na tuna malam ya ce ruwan gishiri ya fi kowane, sai na yagi tsumma, na murtsuke shi da busasshen gishiri, na shimfiɗa a kan wayoyin. Ɗigo ɗaya, ihu har zaure. Na yaba wa kaina sosai a ranar.

Da damina kowace akuya a turke take, wannan doka ce. Amma Kaka tana da wata ja mai karyayyen ƙaho da ta iya kwance igiya fiye da mai ɗaure ta. Ina can ina fama da lissafi, ta kwance, ta zagaya bayan gida. Ta tsallake masara shimfiɗe a gabanta, ta nufi gishiri. Harshen akuya jiƙaƙƙe ne, kuma faɗinsa ya isa ya rufe waya biyu.

Abin da ya biyo baya maƙwabta ne suka ba ni labari, kowa da ƙarinsa. Kaka ta fito ba ɗankwali tana kiran ruwa, ruwa. Mata uku suka ɗago danga suka shigo da ƙwarya da buhu da tsintsiya. Babu wadda ta ɗaga kai, don mai kwasar shanya ƙasa take kallo. Sai da suka kai buhu na ƙarshe zaure, gumi na zuba, ɗaya ta lura inuwarta na nan baƙi ƙirin a ƙarƙashinta. Sama fes, ko tsumman gajimare babu. Ƙara kuma ba ta tsaya ba, don akuya ba ta gama ba.

Na dawo na tarar da su a zaure suna fifita da mayafi. Maƙwabciyarmu ta gabas, wadda bakinta ba ya ajiye magana, ita ta tare ni.

"Injiniya, sannu da aiki. Ruwan naki mun gan shi, ƙaho gare shi."

"Ai da kun duba sama."

"Au, mu ne za mu duba? To shi na'urar aikin mi yake?"

Na wuce ciki. Kaka na zaune da murfin a cinya tana duba inda haƙoran akuya suka kama gefensa.

"Kin barbaɗa mishi gishiri kamar nama, kin aje shi a rana, kin yi tahiyarki. Bawan Allah yana ta kuka, tana taunar shi."

"Kaka, murfin bokiti ne."

"Ke ma ai da tsumma aka naɗe ki."

Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tura hannu cikin buhu, ya murza ƙwayoyin, ya ce zafin yini guda ya tafi a banza. "In aka sake, ki aje littafin nan ki zauna."

Na yar da tsumman. Na kwance wayoyin, na ƙara musu tsawo, na jera su layi-layi, kusa da kusa har sai da na zura tsinke a tsakani don in tabbata ba su taɓa juna ba. Ta haka ɗigo ɗaya zai kwanta a kan wuri da yawa, 'yar wutar ta ƙaru ba sai da gishiri ba. Na gwada da ruwan baho, ƙara ta fito sosai. Akuya kuwa Kaka da kanta ta yi mata ɗaurin da sai da wuƙa.

Kwana biyu lafiya lau. Na lura tabarmar Kaka ta koma gindin darbejiyar da ke gefen dutse, ban kawo komai a raina ba, na ɗauka zafi ya kore ta daga ɗaki. Rana ta uku na dawo na ga faifai kife a kan murfin.

"Wa ya rufe shi?"

"Rana ta yi mishi yawa."

"Kaka, in kin rufe shi ta ina ruwa zai taɓa shi?"

"To da ma so nike shi taɓa shi?"

Na yi magana mai yawa a ranar, wadda ba duka ta dace a gaya wa tsohuwa ba. Na ɗauke faifan na ɓoye a bayan rumbu. Ta ce ta ji, ba za ta sake ba, da irin muryar da take amsa wa malamin asibiti in ya hana ta goro.

Washegari muna tsakiyar aji, malam na rubutu a allo, iska ta juya. Ƙofa ta bugu da bango. Na leƙa ta taga na ga gabas ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Na ce a raina babu komai, abina na can. Sai na fara auna abin da gaske, karo na farko. Ƙararrawar ba za ta yi motsi ba sai ɗigon farko ya sauka. Sannan Kaka ta farka, ta nemo takalmi, ta fito, ta yi kira. Sannan mata su taho. Ranar akuya, da sauri da komai, sai da suka ɗauki abin da ya kai a dafa shayi a sha kafin su kwashe. Irin wannan hadarin kuwa tsakanin ɗigon farko da kwarara bai fi a ce salamu alaikum ba. Abina zai yi aiki daidai yadda na gina shi, masara kuma ta jiƙe. In kuma Kaka ta samo wani faifan ta kife masa ta shige ɗaki, ko ihun ma ba za a samu ba.

Ban nemi izini ba. Na cusa littafi cikin hijabi na fita da gudu. Ruwa ya same ni a daidai masallacin unguwa, manyan ɗigo masu zafin duka, kafin in kai kwanar gidanmu ya zama kamar da bakin ƙwarya. Takalmi ɗaya ya tsinke, na bar shi. Ina gudu ina kasa kunne, don ƙarar nan ana jin ta daga bakin hanya. Ban ji komai ba sai ruwa.

Ta baya na shiga, na tsallake danga. Falale wanke tas, ruwa na gangara a kai. Babu masara, babu murfi, ko wayar babu. Na tsaya kamar sakarya ina duba ƙasan dutsen, ko ruwa ya tafi da ita kwata.

Dariya na ji daga zaure. Buhuna a jingine da bango, bakinsu a naɗe, mata uku na zaune a kai suna ɓare gyaɗa, tufafinsu a bushe. Na tura hannu cikin buhun farko. Ɗumin rana na nan a jikin ƙwayoyin.

"Ya yi ƙara?" na tambaya.

"Wa?" in ji maƙwabciyar. "Yo ina ya ga ruwan? Hadarin bai wuce tafin hannu ba tsohuwa ta miƙe. Ta fara ɗauke ɗan naki, ta naɗe wayar tsaf, ta kai ɗaki, sannan ta leƙo ta kira mu. Muka ce halan akuya ce. Ta ce mu dubi gabas. Har shara muka yi wa dutsen, ƙwaya ɗaya ba mu bari ba."

Na shiga ɗakin Kaka ruwa na ɗiga daga jikina. Tana zaune a bakin gado. A gabanta ga babbar kwallar da take ajiye kayan sallarta, ta buɗe ta nuna mini. Murfin bokiti na ciki, naɗe cikin sabon zani, gwangwanin ma ta sauko da shi ta kwantar a gefensa.

"Ga abinki nan. Ko ɗigo bai taɓa shi ba."

"Kaka, yau ce ranar da zai yi aikinsa. Yau kaɗai."

"Matsa can, kina ɗiga mishi."

"Wai ba barci kike yi ba da azahar?"

"Wane barci? Kin aje shi a fili kin tahi, ga akuya, ga rana, ga hadari. Kwana huɗu rabona da runtsawa da rana, wuyana har ya ƙage da kallon sama. Ke dai ba ki da tausayi."

Ina tsaye ina neman ta inda zan fara, Baba ya yi sallama, jiƙe sharkaf, da ganin numfashinsa shi ma gudu ya yi. Bai ko zauna ba ya bi buhunan ɗaya bayan ɗaya, yana nutsa hannu har gwiwa. Da ya gama na ƙarshe ya tsaya ya dafa bango na ɗan lokaci. Sannan ya leƙo ɗakin.

"Ya yi kukan?"

"Ina zai yi kuka ina raye," in ji Kaka.

Na buɗe baki. Na fara daga ƙafar tsakiya, da 'yar wuta, da cewa abin nan ba ya jin sanyi ba ya jin zafi, ruwa ba ya yi masa komai, in ma an bar shi shekara a waje. Baba ya katse ni ya ce in kawo masa buta zaure. Na kai. Bai karɓa ba, ya rage murya.

"Sauran rana biyu ta bushe. Gobe ki mayar da shi kan dutse ki tahi karatunki. Kuma ki bar bayanin nan haka."

"Baba, ba haka yake aiki ba."

"Na san yadda yake aiki, kin gaya mini na gane. Ɗigon hwarko yake jira. Ita ba ta jira. Ki mayar da shi inda za ta gan shi."

Na so in yi gardama, don ban saba barin magana a ciki ba. Amma buhunan na gabana a bushe, ni ce jiƙaƙƙiya.

Da hantsi muka sake baza masara. Na warware zanin, na ɗauki murfin, na ajiye shi a tsakiyar fili inda babu inuwa ko kaɗan, na ja wayar na mayar da gwangwani mazauninsa. Kaka na bakin ƙofa tana kallona.

"Bayan abin da ya tsallake jiya, za ki sake kai shi?"

"Zan kai shi."

"Allah shi shirye ki."

Na ɗauki littafina. Kafin in kai zaure na ji ƙarar jan tabarma a ƙasa, tana tafe tana mita, ta nufi gindin darbejiya.

Rana ta biyu da yamma Baba ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya sa a haƙori, ta fashe da ƙara. Ya ɗauki wata daga can gefe, ita ma haka. Ya ce a kawo buhuna. Muka ɗure ta ni da shi, ya ɗinke bakunan da basilla, muka jera su a kan itace a ɗakin Inna, nesa da bango.